Ranar da Aka Ɗaura Mani Aure da Aljanar Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da ƙarti suka danne ni a gindin tsamiya, bakin hanyar Tafoki, wai za su raba ni da matata aljana. Ni da ko ta mutane ban samu ba tukuna.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka shigo, kowane ɗan ƙauye ya sayi babur da rediyo, ba mai taka ƙasa sai mahaukaci da jaki. Ni kuma a lokacin haki ya dame ni, in na ɗaga buhu sai ƙirjina ya riƙa duka kamar kalangu. Likita a Funtuwa ya ɗora mani robar nan tasu ta sauraren ƙirji, ya ce wani marfi a zuciyata ba ya rufewa da kyau, jini na komawa baya. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba kokawa, ba tsere. Amma kar in kwanta, in riƙa tafiya a ƙasa kullum da safe, a hankali, daidai yadda zan iya magana ina tafe. In magana ta gagara ko jiri ya zo, in zauna.

Ban faɗa ma kowa ba. Ina neman Lantana, ɗiyar Malam Ilu mai shanu a Yankara, kuma wa zai ba mai ruɓaɓɓiyar zuciya ɗiya? (Ni fa ɗan boko ne a unguwarmu, aji huɗu na yi aka kore ni, amma ina yawo da biro a aljihu.)

To an ce a yi magana ana tafe, ni kuma ba abokin tafiya. Sai na riƙa yi ni kaɗai. Da wa zan yi? Da Lantana mana. Ina tafe cikin wandona mai faɗin ƙafa ina tsara ta: ke ce hasken idona, zan kai ki Kaduna ki ga lantarki. In haki ya taso sai in zauna a gindin tsamiyar nan, hannu a ƙirji, ina lumshe ido, ina ci gaba da zuba.

Ashe mata masu itace na laɓe suna ji. Mutanen garinmu kuwa, Allah ya ba su baki bai ba su aikin yi ba. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, an gama shari'a: aljanar tsamiya ta aure ni, har wata tsohuwa ta rantse ta ga ƙafarta, kofato ce.

Ran nan ina tsakiyar cewa zan saya mata agogo, sai na ji an cafke ni ta baya. Yayyena ne da wani Baba Ɗanbaƙo mai magani, an ɗauko shi takanas daga Sabuwa, da kaskon wuta a hannunshi. Malam Ilu na tsaye gefe da sandarshi, ya zo ganin abin da zai zama surukinshi. Aka lulluɓe ni da bargo, aka tura mani hayaƙi mai yaji. Na yi ta fizga, zuciyar ta ɗauki gudu, ido ya fara rufewa. Baba Ɗanbaƙo na cewa a ƙara riƙe shi, ita ce ke kokawa, ba ta son fita.

Nan na ga in ban yi magana ba gawata za su fitar daga bargon. Na samu na leƙo da kai na ce, "Don Allah ku sake ni, ba aljana ba ce, ciwon zuciya gare ni, likita ne ya sa ni."

Aka sake ni. Na zauna ina tari, majina har haɓa, na kwashe komai na faɗa, har da maganar marfin. Babban yayana ya tambaya ko likitan ne ya ce in yi ma tsamiya alkawarin agogo. Matan itace da suka taru kallo suka fashe da dariya.

Malam Ilu bai yi dariya ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Yaro, da aljana ce da yau mun cire ta. Wannan fa, wa zai cire shi?" Ya juya ya bi shanunshi. Daga ranar ban ƙara zama a zaurenshi ba.

Tafiyar dai ban bari ba, ita ta riƙe ni har yau. Abin da na koya shi ne, in likita ya ce ka yi magana kana tafe, nemi mutum mai kunne ka ja shi, ko da maƙiyinka ne. Gara ya gaji da surutunka da gari ya yi maka fassara.