Bunsurun da Na Yanka Kafin Baffa Ya Iso

Ba zan taɓa mantawa da safiyar jajiberin Kirsimetin nan ba: ashirin da huɗu ga Disamba, ƙarfe bakwai da kwata daidai, a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye bayan Bici. Waɗanda ke wurin su ne ni, da wuƙa, da bunsuru. Sauran jama'a sun iso ne bayan na gama ɓarna.

Ni mai karanta labarai ne a gidan rediyo a Kano, kuma a aikinmu idan an ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ake nufi. Da wannan hali na zo gida hutu. Gidan kuwa a cike yake. Gwaggo Rahila, yayar Baba, ta zo daga Zariya, dangin Inna sun zo daga Bagwai, matan zumunta na majami'armu suna gwajin waƙa a zaure, ni da matata mai tsohon ciki an ba mu ɗakin ajiyar gyaɗa. Na duba na ga babu tsari. Sai na rubuta jadawali na manna a jikin rumbu: shida da rabi yanka, bakwai fiɗa, takwas ɗora tukunya. (Babu wanda ya karanta. Wata akuya ce kaɗai ta nuna sha'awa, ta cinye gefensa.)

Mu Kirista ne, amma Baffa Idi, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, Musulmi ne tun yana saurayi, gidansa yana ƙetaren gonarmu. Tun kafin a haife ni shi ke yanka dabbar Kirsimetinmu, domin idan Inna ta zuba shinkafa da nama ta aika gidajen maƙwabta Musulmi, kowa ya ci hankalinsa kwance. Da Babbar Sallah kuma Baba ne ke riƙe masa ƙafafun rago, ya feɗe. Duk na san wannan. Na dai ɗauka irin al'adar nan ce da ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure.

Shida da rabi ta yi, babu Baffa. Bakwai ta yi, babu Baffa. Baba ya tafi majami'a jera benci, Inna tana can baya wajen surfe. Na kalli agogo, na kalli jadawali, na ɗauko wuƙa.

Ban taɓa yanka abin da ya fi kaza ba. Ba zan ba da cikakken rahoto ba, ya isa in ce bunsurun ya kayar da ni sau biyu kafin in yi nasara. Ina tsaye a kansa ina haki, har ina jin kamar na cancanci yabo, sai na ji sallama.

Baffa ne, cikin farar riga, da wuƙarsa naɗe a ƙyalle a hammata, da ƙwarya a hannu. Ashe daga masallacin Asuba ya wuce rugar Fulani ya karɓo wa matata nono, don ya ji an ce shi take marmari. Abin da ya makarar da shi ke nan.

Ya kalli bunsurun, ya kalle ni.

"Au, ashe an gama," in ji shi.

"Baffa, ai lokaci ne ya..."

"Madalla. Ɗan birni ya iya aiki." Ya ajiye ƙwaryar a gindin rumbu, daidai ƙarƙashin jadawalina. "A gaida Yaya. Allah ya sa a yi biki lafiya." Ya juya ya fita.

Inna ta fito da taɓarya a hannu, ta ga abin da ke ƙasa. "Kai! Wa ya aike ka?" Ta nuna kwanukan da ta wanke ta jera tun jiya. "Waɗannan gidan wa zan kai su? In ce musu ɗan rediyo ne ya yanka?"

"Ku ƙyale shi, sabon Sarkin Fawa ne," in ji Gwaggo Rahila daga kan tabarmarta. "Yanzu zai karanto mana kanun labarai."

Waƙa ta tsaya a zaure. Matan zumunta suka leƙo ɗaya bayan ɗaya. A haka Baba ya dawo ya same mu. Ya saurari bayani har ƙarshe, bai ɗaga murya ba, ni kuwa na fi son a ce ya ɗaga.

"Nama ba shi ne damuwata ba," in ji shi. "A shekara rana ɗaya ce bikina yake zama na ƙanina. Ita ka yanka. Je ka dawo mini da shi. Idan kun dawo, ka kwanto ragonka."

Ragon nan wata shida Inna tana yi mini kiwonsa saboda sunan ɗanmu na fari.

Na ratsa gona a guje, kara yana sukar ƙafata, jini har gwiwar hannu. Na cim ma Baffa a bakin hanya, na durƙusa, na shiga ba da haƙuri da dukan Hausar da na iya. Wani mai keke ya tsaya yana saurare, ya ce, "Kai, muryar nan! Ba kai ne mai labaran rana ba?" (Wannan ne karo na farko da mai sauraro ya gane ni a hanya. Ba haka na tsara shi a raina ba.)

Baffa ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Da wace wuƙa ka yi?"

"Ta Inna. Ta yanka albasa."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. "Wayyo bunsuru," in ji shi. "Tashi mu je, kada ka ƙara yi wa wata dabba wannan wulaƙanci."

Shi ya yanka ragon, ni na riƙe ƙafafu, Baba ya feɗe. Inna ta ɗora tukwane biyu: naman rago ya tafi gidajen maƙwabta, na bunsuru aka bar wa baƙin gida, Gwaggo tana ci tana cewa da ji wannan ya sha wuya. Washegari a majami'a fasto ya yi wa'azi a kan yadda mutanen dā suka daɗe suna jiran haihuwar Almasihu cikin haƙuri. Ban sani ba ko da ni yake, amma benci biyu na matan zumunta sun waiwayo.

Abin da na koya shi ne agogo na gidan rediyo ne. Yanzu tun daga tashar mota nake cire shi in sa a aljihu.

Bayan mako uku matata ta haihu. Ranar suna Baffa Idi ya shigo yana janye da rago daga garkensa, da wuƙa a hammata. Sai wajen ƙarfe tara ya iso, kuma a zaune ya same ni ina jiransa.