Ranar da Bango Ya Yi wa Oga Gyatsa

Allah Ya yi mana baiwa da Oga Na-Sani, shugaban sashen bututu a cibiyar bincikenmu, mutumin da ko takardar jarrabawar da ya ci a firamare tana rataye a ofishinsa cikin gilashi.

Aikin sashen nasa sauƙi gare shi a baki. Akwai wani zagayayyen bututun ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinsa tas, a saki ƙwayoyin lantarki su yi ta gudu. Duk kwanar da suka sha sai su watsa wa bangon bututun haske mai ƙarfi, shi kuwa sabon bango, da zarar hasken ya dake shi, sai ya amayo iskar da ya ɓoye a jikinsa, ƙwayoyin su yi karo da ita su watse. Shi ya sa ake fara kunna injin kaɗan-kaɗan, makonni, har bangon ya gama gyatsarsa.

Amma kwamitin zaɓen sabon darakta zai zo jibi, Oga kuwa har ya auna labulen ofishin daraktan. So yake ya ƙure wa injin wuta a gabansu, alhali bututun sabo ne.

Inna mai ma'auni, wadda ta shekara ashirin tana gadin allurar da ke auna iskar cikin bututun, ta ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan ɗanye ne. A ba shi sati uku."

"Inna, ni na sa hannu a takardar wanke shi. A sashena bango ba ya gyatsa!"

Ranar, ga shi cikin farar riga mai guga, ya yi jawabin minti arba'in, sunansa ya fito sau goma sha ɗaya. Sannan ya ture hannun Inna, ya murɗa maɓallin injin har ƙarshe, yana kallon mai ɗaukar hoto.

Wayyo! Allura ta yi tsalle, jiniya ta ɗauka, ƙofofin bututun suka rufe garam-garam. Daƙiƙa huɗu injin ya yi a duniya.

"Da gangan na yi," in ji Oga, gumi na ɗiga daga haɓarsa, "don baƙi su ga hatsarin gaggawa."

Shugaban kwamitin ya ce sun gani, wallahi. Ya tambayi Inna gyara, ta ce yanzu sati biyar, kuma tana son wanda zai zauna ya zuba wa allura ido ba tare da ya taɓa komai ba.

Kujerar darakta ta tafi wajen wani. Oga ya samu benci a gaban ma'auni, kuma ko bayi zai zaga sai ya ɗaga hannu Inna ta ba shi izini.