Wurin da Ba a Faɗa da Baki

Ran nan an tashi da yayyafi, gajimare ya sauko ya rufe kan duwatsu. Tsohuwa Yangzom na bakin murhu tana kaɗa shayi da man shanu, sai ga jikanta Kunga da ƙunshi a hammata. Shekara biyu ke nan gwiwa ta hana ta hawa dutse yankan jimbu, albasar dutsen nan mai fure ruwan hoda da ake soyawa a zuba a miyar wake. Ita kaɗai ta san inda mai kyau yake fitowa.

"Sannu da hutawa, amarya. Har yanzu kina nan?"

"Ina jiran ranar da za ka yi amfani, maigida. Me ka kawo?"

"Jimbu. Da hannuna na yanko, har damisa ta biyo ni."

Ta kwance, ta shinshina, ta murza a tafin hannu.

"Damisar ce ta busar maka? Wannan ya girme ni. Ga saiwa ma, tumɓuke shi aka yi. Na kasuwa ne."

"Hancin nan shi kaɗai ya rage da rai a jikinki."

"Ya fi ƙafafunka aiki."

"To, ki faɗa min wurin mana."

Ta girgiza kai.

"Ba a faɗa da baki. Uwata da ƙafa ta kai ni, ita ma haka aka kai ta. Wanda aka faɗa wa, gobe zai faɗa, jibi a tumɓuke."

"Ƙafar kuma ta yi murabus."

"Sai mu mutu tare, ni da wurin."

Kunga ya dubi kwandon goyo da ke jingine bayan ƙofa.

"Wa ya ce sai ƙafarki? Akuya ta fi ki nauyi. Shiga in goya ki. Ke ido, ni ƙafa."

"Ni a kwando, kamar kashin shanu?"

"Kashin shanu ai yana hura wuta. Ke fa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta laluba ƙarƙashin shimfiɗa, ta ciro ɗan laujenta, ta miƙa masa.

"Gobe, in gari ya washe. Ganye kawai, ka bar saiwa. In ka kayar da ni kuma, auren nan ya mutu."

Washegari ya goya ta suka hau, tana zaginsa har suka isa.

Jimbun yana nan har yau a bayan wani dutse, yana fure duk damina. Kunga ne ke yanka, kuma bai faɗa wa kowa ba.