Shinkafar da Aka Ɗauke a Kudan

"Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta gode Allah. Kai ne da hantsi haka? Halan an kore ka ne daga garin marowata."

Misbahu ya yi dariya, ya zauna a bakin tabarmar kakarsa Kulu, wadda ke ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta na Furana. Direban motar rake ne, amma yau ƙaramar mota ya aro. Mahaifiyarsa Khadijatu, 'yar farin Kulu, an yi mata aiki a ciki, an sallamo ta zuwa gida Kudan, kwana shida ke nan ba ta cin abin kirki. Da safen nan ta riƙe hannunsa ta ce ya ɗauko mata uwarta. Ya san aikin ba ƙarami ba ne. Kulu ba ta kiran sunan 'yarta, ba ta cin abincin gidan suruki, kuma rabonta da Kudan tun ranar sunansa.

"Tsohuwa, Kudan ce garin marowata? Garuruwa nawa kika taɓa zuwa da za ki yanke mana hukunci?"

"Na fi ka, ɗan nema. Na je Ikara, wata mata ta gan ni a rana ta jawo ni zaure, ta dama mini fura, ba ta ko tambayi sunana ba sai da na sha. Mutanen Ikara su ne na ɗaya."

"Tausayi kika ba ta. Ta ɗauka ɓata kika yi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Na je Makarfi ranar kasuwa, mai rake ya sara mini har gaɓa huɗu kyauta."

"Da wane haƙorin kika sha?"

"A lokacin ina da haƙoran da suka sa kakanka ya sayar da ɗan maraƙi! Kai da kake yawon duniya, faɗa mini, ina aka fi karɓar baƙo?"

"Zariya ba laifi."

"Zariya? Ka tambayi hanya a nuna maka da leɓe?"

"To Kano."

"Kano kafin ka gama 'ina kwana' an tambaye ka me za ka saya."

"Yaushe kika je Kano?"

"An ba ni labari."

"Ashe! Kaduna fa?"

"Can da aka ce sai ka buga waya kafin ka yi sallama? Allah ya raba ni. Amma duk da haka sun fi ku. Su ba su kira ni ba balle su bar ni da yunwa."

Misbahu ya ɗebi gyaɗa ya watsa a baki. Ta kai masa duka a hannu, ya kauce. Labarin ya san shi, amma bai taɓa jin sa daga bakinta ba.

"Wai me aka yi miki ne a Kudan?"

"Ranar da aka raɗa maka wannan sunan da ya fi ka kyau, muka tashi tun asuba, ko koko ban sha ba. Aka kawo shinkafa da zabi, mai yana kwance a kai. Aka ce bismilla. Na ce na ƙoshi."

"To ai ke kika ce."

"Yo me zan ce? Suruka ce ni! Aka sake cewa in ci, na ce alhamdu lillahi. Sai kawai ƙanwar ubanka ta rufe kwano ta yi gaba da shi. Ina ji ina gani."

"Sau biyu fa aka yi miki tayi."

"Sau biyu tayi ne? A nan Furana sau uku ake yi. A na huɗu kowa ya tashi ya fita, a saki labule, a bar baƙo da kwanonsa, kuma ba mai duba abin da ya rage. Su kuwa sun zagaye ni, mata goma sha, kowa ta zuba mini ido kamar an kawo kura kasuwa."

Dariya ta kama Misbahu har da riƙe ciki. "Shekara ashirin da bakwai kina gaba da gari guda a kan cinyar zabo! Laifi tudu ne, amarya."

"Dariya kake? Haka na dawo, cikina yana kiran ciroma tun daga garin Taba har gida."

Ya bari dariyar ta lafa. Sannan ya sassauta murya.

"To yau ma akwai mai kwana da yunwa a Kudan. Inna ba ta cin komai. An yi mata tayi sau uku, an yi sau goma. Ta ce kunun tsamiyarki take so, kuma da hannunki."

Hannun Kulu ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago ba.

"An ce mini da sauƙi."

"Da sauƙi. Amma ta rame. Jiya na ji tana kiran ki cikin barci."

Kulu ta share hanci da gefen zane, ta ce ƙurar gyaɗa ce.

"Yarinyar nan tun tana goye ba ta da ci in ba ta da lafiya. Sai an sa tsamiya ta yi tsami sosai." Ta ture faifan gefe. "Amma ni in kwana a gidan ubanka Dalhatu, in ci tuwonsa? Da tsufana? Mutane su ce me?"

"Wa ya ce gidan Baba za ki? A sashena za ki sauka. Masarar da ke rumbun ni na noma ta da hannuna. Tun ina cikin tsumma kike ce mini mijinki, kina cewa ba na ciyar da ke. To yau tariya ta zo. Akwai wanda zai zagi mace don ta ci tuwon mijinta?"

Kulu ta ɗago ta dube shi, idonta jajur, bakinta yana rawa tsakanin kuka da dariya. Dariyar ce ta yi nasara.

"Ja'iri! Ashe kan nan naka ba rake kaɗai ke ciki ba."

"Kin yarda Kudan sun iya karɓar baƙi?"

"Ban yarda ba. Ni ba baƙunta za ni ba, jinya za ni." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Shiga ɗaki, tsamiya tana rataye a bayan ƙofa, ka ɗauko ta duka. Ka kama jan zakaran can, naka ne, kada a ce amarya ta tare hannu rabbana. Kuma ka tuƙa ni a hankali, amma kada ka tsaya ko'ina. Ina so azahar ta yi mini ina kan murhu."