Rasuwar Ɗan Zariya, Injin Markaɗen Gyaɗata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya tun shekaranjiya, ni Tasalla mai ƙuli-ƙuli nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki na Fagge da Sabon Gari rasuwar injin markaɗen gyaɗata, wanda aka fi sani da Ɗan Zariya. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gidana, hannuna a kan mariƙinsa. Ya rasu yana da shekara ɗaya ba kwana huɗu. Ku riƙe kwana huɗun nan, su ne suka sa in zauna in tashi, in leƙa zaure in dawo, har yanzu da nake wannan rubutu.

Marigayin ba ɗan kanti ba ne, ba a kuma sauke shi daga jirgin ruwa ba. A Zariya aka haife shi, a ɗakin ƙira na makarantar da ake koyon aikin injiniya, a hannun Zacchaeus, ɗan ƙawata Biriskila mai sayar da zare a kasuwar Sabon Gari. Ba shi da wa, ba shi da ƙane, shi kaɗai aka ƙera a duk faɗin ƙasar nan. Bara warhaka Zacchaeus ya sauko da shi daga jirgin ƙasa, naɗe cikin buhu, ɗaure a kan wani gajeren benci.

Ga yadda aka yi ya zo hannuna. Makarantar tasu tana buga wani littafi duk shekara, a jera abin da malamai da ɗalibai suka binciko: wane ya auna ruwan rijiyoyi, wane ya gasa bulo da ƙasarmu, wane ya bi cutar auduga gona-gona, wane ya gwada ƙarfin gada. Wanda aikinsa ya shiga littafin, shi ake fara dubawa in za a tura mutum Ingila ƙaro karatu. Baturen da ke koya wa Zacchaeus ya ce injin da bai bar ɗakin ƙira ba abin wasa ne. A kai shi gidan mai sana'a ta gaske, in ya yi shekara cur yana aiki, sai a rubuta.

Zacchaeus ya durƙusa a gabana, ƙaton mutum har da gashin baki, ya ce, "Inna, gyaɗa kawai. Soyayyiya, a fece ta, a tsince tsakuwa. Ko gero kada ki ba shi. In kuma wani abu ya same shi, kada ki bari kowa ya taɓa shi sai na zo."

Na ce, "Ɗan nan, ni da na goya ka za ka koya wa riƙon amana?"

Ya bar mini wani ɗan littafi, ya ce duk ranar da injin ya yi aiki in ja layi ɗaya.

Jama'a, a shaidi marigayi da alheri. Gyaɗar da nake wuni ina kirɓawa a turmi, shi kafin a kira azahar ya gama da ita, ta fito luƙui, mai yana tsatsowa tun ba a matsa ba. Kafaɗata ta dama, wadda ta shekara goma ba ta bar ni na ɗaura ɗankwali da daɗi ba, a zamaninsa ta warke. In ya ƙoshi yana cewa, "gurr-ƙaf, gurr-ƙaf," a natse, kamar dattijo yana jan carbi. In yana son a ɗiga masa mai a wuya sai ya ce, "ƙiii," sau ɗaya tak, ba ya maimaitawa. Kuma ba shi da gulma. Mata sun zauna a gabansa sun faɗi abin da ba su faɗa wa iyayensu ba, ko kalma ɗaya ba ta fita ta bakinsa ba. In kun ji wani abu ya fita, ni ce na taimaka masa.

To, sai maganar aro. Wanda ba ɗan unguwar nan ba ne zai ce na yi ganganci, amma ku kun san mu. A nan ba a hana turmi, ba a hana dutsen niƙa, ba a hana garwashin wuta. Marigayi yana da mako uku a gidana Basirat matar Moshood tela ta shigo da jiƙaƙƙen wake a ƙwarya.

Ta ce, "Inna Tasalla, gobe sunan jikata, ga wake ya jiƙa, hannuna kuma ya kumbura."

Na ce, "Mai shi ya ce gyaɗa kawai."

Ta ce, "Shi waken ba ɗan'uwan gyaɗa ba ne? Uwata ta shekara nawa tana ba ki aron turmi, ta taɓa tambayar ki abin da za ki daka?"

Me zan ce? Ta ɗora bencin a ka ta fita. Alalen sunan nan har Kwaciri an yi zancensa, daga nan kuma ƙafar marigayi ta buɗe. Ya ci agushin Adaeze mai abinci ta Sabon Gari, ya ci busasshen kifinta mai taurin icce. Ya ci citta da kanumfari da busasshiyar kuɓewa. Ya ci barkono, na yi mako guda ina sayar da ƙuli mai yaji ba da niyya ba, har wasu suka ce ya fi. Ya niƙa lallen amare uku. Ɗaya daga cikinsu ta riga ta koma gidansu, ba kuma ni zan faɗi dalili a takardar makoki ba, mai so ya same ni bayan la'asar. Duk ranar da ya yi aiki na ja layi a littafi, ban taɓa tsallakewa ba. Littafin ya tambaya ko ya yi aiki, bai tambayi abin da ya ci ba.

Ciwon ajali ya soma da damina. Ya dawo daga Sabon Gari da wani ɗan tari, "gurr-ƙaf" ya koma "gurr-ƙaf-tak". Basirat ta ce kifin Adaeze ne. Adaeze ta ce ruwan waken Basirat ne ya sa masa tsatsa a ciki. Ni kuwa na kai wa kowacce abin da ɗayar ta faɗa, don kada a zalunci kowa. Har jiya suna nuna wa juna yatsa a bakin famfo.

To, su sauke yatsun. Ni ce.

Ranar Talata kanwar tabata ta ƙare. Ina da wani dunƙulen kanwar ungurnu da aka kawo mini daga Barno, mai taurin dutse. Na nemi ƙaramin turmina, ashe na ba da aronsa tun Juma'a, ban ma tuna wa na ba ba. Na dubi marigayi, na ce wanda ya ci kifin Adaeze ya tashi, kanwa me za ta yi masa? Na jefa. Juyi na farko ya yi gunaguni. Na biyu ya ce, "ƙiii," har sau biyu, abin da bai taɓa yi ba, ni kuwa na ƙara ƙarfi. Na uku ya ce, "ƙas." Mariƙi ya saki a hannuna yana juyawa ba nauyi, haƙori ɗaya ya faɗo cikin tasa. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Jiya Laraba Biriskila ta zo da wasiƙa a hannu. Zacchaeus da Baturensa suna tafe jibi Asabar a jirgin rana, ranar da shekara ke cika, su duba injin su rubuta. Da ta ga gawa, sai ta zauna a ƙasa. Aka kira Ganiyu mai gyaran keke. Ya leƙa ciki ya yi tsaki.

Ya ce, "Mama, ku ba ni wuni ɗaya. In liƙe haƙorin, in shafe wurin da baƙin mai. Zai yi juyi goma kafin ya sake faɗuwa."

Na ce, "In Baturen ya yi sha ɗaya fa?"

Ya ce, "Kin taɓa ganin Bature ya juya abu fiye da sau uku a cikin rana?"

Biriskila ta kama hannuna ta ce, "Tasalla, shekara uku yaron nan yana kan ƙarfen nan. Ban roƙe ki komai ba sai shirun kwana uku. Uku kawai."

Na yi mata alkawari, kuma har ga Allah da gaske nake. Na raka ta bakin titi. A hanyar dawowa na tsaya wurin Sadiat mai tuwo in sha ruwa, ta ce me ya sami idona. Na ce kada ta gaya wa kowa. Na kuma ce wa matar wanzami kada ta gaya wa kowa. Kafin la'asar wani lebura daga tashar jirgi, wanda ban taɓa gani ba, ya yi sallama a ƙofata ya ce ya zo gaisuwar injin, Allah ya ba da haƙuri, ya kuma ji an ce za a liƙe. In tasha ta sani, Zacchaeus zai ji tun bai sauke ƙafa ɗaya daga jirgi ba.

Na dawo na zauna kusa da gawa, sai maganar yaron ta dawo mini: kada kowa ya taɓa sai ya zo. Umarni biyu ya bar mini. Na karya na farko fiye da sau ɗari, na biyun ne kaɗai ya rage a hannuna. Da Ganiyu ya zo da kayan aikinsa yau da safe, na ba shi goro na sallame shi. Biriskila ba ta amsa gaisuwata tun daga nan. Na aika mata fura an dawo da ita.

Marigayi ya bar mahaifinsa Zacchaeus, wanda bai sani ba tukuna, ko kuma ya sani. Ya bar kakarsa Biriskila. Ya bar ni, uwar riƙonsa. Ya bar babban turmi da taɓarya, waɗanda tun zuwansa suke jingine a bayan ɗaki, yanzu kuwa in na wuce sai in ga kamar dariya suke ƙunshewa. Ya bar tiya shida ta soyayyiyar gyaɗa da ba ta san inda za ta ba, da kafaɗata da ta soma tuna mini tun jiya.

Ga tsarin jana'iza. Gawa tana zaurena, rufe da farin zane. Ba a wanke ta ba, garin kanwa yana nan a bakinta, kada wata mai tausayi ta goge. Ba za a binne ba sai mahaifinsa ya buɗe cikin da hannunsa ya ga abin da zai gani. Za a taru Asabar da zarar an ji kukan jirgin rana. Duk wadda ta taɓa aron marigayi ta zo da ɗan abin da ta ba shi a kan faifai, ta faɗi watan, da yawan, da irin kukan da ya yi mata. Wadda ta manta kada ta damu, ni ban manta ba, har da bikin wa aka yi da wanda bai zo ba. Basirat da Adaeze su zauna nesa da juna. Bature ya ji da kunnensa cewa abin da aka ƙera don gyaɗa ya ci abu tara har da gyaɗar ya tashi, na goma ne ya kayar da shi, saura kwana huɗu. Ko wannan zai isa a sa sunan yaron a littafi, ko ni na tare masa hanyar Ingila da tabata, ban sani ba, karatun bai kai ni nan ba. Ba za a raba ƙuli na sadaka ba, don ba mai markaɗawa.

Zacchaeus, na sa an kwafi wannan takarda, gadin jirgin gobe zai kawo maka, don kada ka ji a bakin lebura. Ni zan fara tashi a gaban Baturenka, da sauran kanwar a hannuna, in gaya masa ka ce gyaɗa kawai, har ka durƙusa. Haƙorin yana ƙulle a bakin zanena, ba wanda ya taɓa shi. In ka shigo kada ka durƙusa mini. Miƙo hannu kawai in kwance maka.