Litir Ɗari a Bangon Laka

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu a Magarya ba za su bar ni ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in na bi ta ƙofar gidan da ake daka, sai in ji taɓarya ta tsaya, an yi ƙasa da murya. Na san da ni ake.

Ni malamin kolej ne, kimiyya da lissafi nake koyarwa (wannan shi ya fi ƙona min rai a labarin gaba ɗaya). A nan duk mai riƙe alli Mushe ake ce masa, har matata Fassuma haka take kirana. Da cikinta ya kai wata bakwai, iyayenta da ke Bande suka aiko a kai ta gida, yadda aka saba a haihuwar fari. Nufinsu ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, sannan a dawo min da ita da jariri. Ni kuwa raina bai so ba. Ina son in ga ɗana tun ranar da ya faɗo, ba sai ya yi wayo an miƙo min shi kamar saƙo ba. Amma wa zai faɗa wa surukai haka? Sai na fake da asibiti, na ce a Magarya ya fi kusa.

Surukina, wanda kowa ke ce wa Malam, ya aiko da amsa a taƙaice: asibiti sun ji, to ruwan zafi fa? Wa zai riƙa hura wuta sau biyu a rana a gidan haya, gidan da ko kara guda babu?

Nan ne bakina ya ja min. Na ce a gaya wa Malam zamani ya wuce wurin. Zan sa shofo, tankin nan da ake ratayewa a bango yana dafa ruwa da kuran, wato wutar lantarki, ba hayaƙi, ba toka, murɗa famfo kawai. Inna, mahaifiyar Fassuma, ta ƙi sam. Fassuma ce da kanta, wadda ba ta taɓa musu da uwarta ba, ta ce, "Inna, ki bari. Mushe ya san abin da yake yi." Da wannan kalma aka bar min ita, da sharaɗin Gwaggo Habsu, ƙanwar Malam, za ta zo ta yi mata wankan.

Na tafi Damagaram sayen shofo. Mai shago ya nuna min na litir talatin da na hamsin, ya tambaye ni mutum nawa ne a gidan. Na ce biyu. Ya ce na hamsin ya ishe ni har da baƙi. Ni kuma idona na can kan wani farin ƙato a kusurwa, litir ɗari, girmansa kamar ɗan maraƙi. Na ce a raina, idan surukai suka zo, wannan ne zai yi magana. Shi na ɗauka.

Sanusi mai gyaran famfo ya zo sawa. Makewayinmu yana kusurwar tsakar gida ne, da rufin kwano, bangonsa fes da siminti da fenti. Sanusi ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ɗauki ƙusa ya ƙwaƙule wani wuri kaɗan. Jar ƙasa ta zubo.

"Mushe, wannan laka ce aka yi wa riga," in ji shi. "Ba za ta ɗauka ba. A kira mai walda ya yi masa ƙafafun ƙarfe, ya tsaya a ƙasa."

Ji na yi kamar ɗalibina ne ya taso yana gyara min lissafi a allo. Na ce masa ƙafafun ƙarfe za su ɓata kyan abin, ai an yi shi ne don a rataye. Na ɗora masa bayani kan ƙusoshi huɗu da yadda nauyi ke rarrabuwa a kansu, har da zane a ƙasa. (Ni da nake koya wa yara cewa litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ko sau ɗaya ban tsaya na ce, to litir ɗari fa, ga nauyin tankin kansa?) Sanusi ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, kai ne da boko. Ni tiyo zan haɗa, rataya kuwa da hannunka." Haka aka yi. Na samo dogayen ƙusoshi, na kira maƙwabta biyu muka ɗaga, na ɗaure. Ya zauna daram. Sati uku ina shigo da abokai suna kallo.

Fassuma ta haihu lafiya, namiji. Gwaggo Habsu ta iso da ƙullin kayanta da damin ganyen bedi, wato dogon yaro, na wanka. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki, wadda ta yi wa mata wankan jego fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Na kai ta makewayi, na murɗa famfo ina murmushi. Ta tara hannu, ta yarfe, ta dube ni.

"Ɗan nan, wannan ai ruwan alwala ne. Mai jego ruwan da ya yi magana a tukunya take so, wanda in an tsoma ganye aka fyaɗa mata sai ta kira uwarta."

Kunya ta kama ni. Na hau kujera, na murɗe abin ƙara zafin har ya ƙure. Washegari Gwaggo ta ce to, an fara dai. Sai dai tun daga ranar wani ɗan bututu da ke ƙasan tankin ya soma ɗiga, ɗis, ɗis, ruwan yana bin bango yana shiga ta inda simintin ya ɓare. Daga baya na ji cewa aikinsa ke nan, rage tururi yake, kuma tiyo ake sa masa ya kai ruwan waje. Ni tsumma na ɗaura masa. Rana ta huɗu na ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga ƙusa ta sama. Rana ta shida, tsinken tsintsiya na shiga cikinta. Kun san me na yi? Na rataye tawul a kai. Wallahi abin da na yi ke nan. Na ce bari suna ya wuce, sai in kira Sanusi a ɓoye.

Ranar suna, an raɗa wa yaro suna da sassafe (ba zan faɗe shi ba, ɗan fari ne), an yanka rago. Jini ya fallatsar min a riga da wuya. Na shiga gida in watsa ruwa in sa sabuwar shadda. Tsakar gida maƙil da mata, tukwane kan murhu, ana tuƙa tuwo ana yankan albasa. Inna ma ta zo daga Bande, tana zaune a tabarma can kusa da makewayi. Ni da ita shekara uku ba mu taɓa haɗa ido ba. In zan gaishe ta, daga nesa nake durƙusawa, ta juya kai ta amsa wa bango. Na sunkuyar da kai na wuce sum-sum. Gwaggo ta bi ni da murya, "Mushe, kada ka ƙarar mana da ruwa, mai jego ba ta yi na safe ba."

Na tuɓe, na jiƙa jiki, na cika kai da fuska da sabulu. Sai na ji wani sauti kamar ana yaga sabon yadi. Na buɗe ido ɗaya. Shofo ya sunkuyo yana kallona.

Tsalle ɗaya na yi na manne a ƙofa. Ya faɗo, ya taho da rabin bangon gaba ɗaya. Tiyo ya tsinke, litir ɗari na ruwan da na ƙure wa zafi ya malale a ƙasa. Allah Ya taimake ni an ɗauke kuran tun da safe, da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Amma ruwan bai huce ba. Ya taɓa ƙafata, na ɗaga ta, ya taɓa ɗayar, na ɗaga ta. Kayana da tawul suna ƙarƙashin laka. Da ƙura ta lafa, sai na ga haske ta inda bai kamata ba. Bangon ya tsaya daidai ƙuguna, kuma daga can mata sama da talatin ne riƙe da muciya da ludayi suna kallon uban jariri, malamin kolej, kai fari fat da kumfa, yana tiƙar rawa.

In durƙusa, ruwan zafi. In miƙe, jama'a. Na zaɓi tsakiya, na yi ruku'u ina ta canza ƙafa.

Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Tsit, sai tafasar miya kake ji. A cikin wannan shirun ne na ɗago kai, idona ya faɗa cikin na Inna. Karo na farko ke nan a rayuwa da na ga fuskar surukata sosai. Ta ja mayafi ta rufe har goshi, ta miƙe a hankali, ta shige ɗaki, takalmanta ma a nan ta bar su.

Gwaggo Habsu ce ta cece ni. Ta kwance mayafinta ta jefo min ta saman ɓaraguzan, ta juya baya ta ce wa mata, "Kowa ta dubi tukunyarta." Na ɗaura mayafin, shuɗi mai furanni, yadda mata ke ɗaura zane, na ratsa tsakar gida da ɗingishi. Tafiyar ba ta fi taku goma sha biyar ba, amma na fi jin nisanta a kan Magarya zuwa Dungas. Ina rufe ƙofar ɗaki na ji dariyar ta fashe, wata har tana cewa a riƙe ta.

Na sa shaddar, na fita wajen maza, ƙafafu duk man shafawa. Kowa ya ji rugugin, kowa ya ji labari, amma sai barka ake yi min ana kallon gefe. Sanusi na cikin masu cin tuwo. Ya miƙo min hannu ya ce, "Allah Ya raya, Mushe." Ko kalma bai ƙara ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Bayan la'asar Gwaggo ta same ni a zaure. Ba ta yi min tsiya ba, muryarta ma a sanyaye take.

"Malam ya ce a gaishe ka, ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Ya ce tun da makewayin zai ɗauki lokaci, gobe za mu tafi da ita ta ƙarasa wanka a gida."

Me zan ce? Gidan da ba ruwan zafi, ba ma inda mace za ta tsuguna ta yi wanka. Na ce to.

Da safe na shiga ɗaki ana haɗa kaya. Fassuma na zaune bakin gado da yaron a cinya. Na ɗauka za ta yi min dariya, na ma shirya mu yi tare. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni ƙafar, na ce da sauƙi. Sannan ta ce, "Gwaggo ta ce ta ga tsagar, ta ga ka rufe ta da tawul. Mushe, ni nake zama ƙarƙashin abin nan safe da yamma." Ta gyara wa yaron hula, ba ta dube ni ba. "Kuma ni na tsaya maka a gaban Inna."

Tsiraicin jiya bai kai wannan ba. Sai a lokacin na ga abin da ya kusa faruwa, da a ce ita ta riga ni shiga. Na ɗauki jakarta na kai ƙofar gida.

Kwana arba'in ɗin ya zama wata uku, ban kuwa yi ƙorafi ba. Duk Lahadi nakan hau moto, wato babur, zuwa Bande, in zauna a zaure, a miƙo min ɗana na ɗan lokaci a karɓe. Murmushinsa na farko a bakin Gwaggo na ji labarinsa.

Yanzu idan mai sana'a ya ƙwanƙwasa abu ya kasa kunne, nakan rufe bakina in jira abin da zai ce. In kuma na ga tsaga, a bango ko a wani wuri, nakan faɗa tun tana siririya. Na gwada tawul, ba ya riƙe gini.