Rasuwar Keken Jibo Bayan An Cire Masa Giya

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, Malam Arzika na Ruwan Bore yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar keken gidansu, kore mai giya bakwai, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a kan hanyar Bungudu, da buhun gero a bayansa.

Marigayin ba na Arzika ba ne tun asali. Na wansa Jibo ne, wanda ya fita gona shekara huɗu da suka wuce, har yau babu shi babu labarinsa. Keken kaɗai aka tsinta a bakin hanya. Tun daga ranar mahaifiyarsu, Inna Hanatu, ta hana a shimfiɗa tabarmar ta'aziyya a ƙofar gidanta, don ita ba ta ga gawa ba.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ya ɗauki taki, ya ɗauki akuya, ya taɓa kai mai ciwon haƙori har Gusau tana zaginsa bai tanka ba. Aibinsa ɗaya, surutu. Giyarsa ta ɗan lanƙwashe tun zamanin Jibo, sarƙa na gogarta ƙarat-ƙarat-ƙarat tun daga bakin gari. Idon Inna ya yi rauni amma kunnenta ras, da ta ji sai ta lallaɓo bakin zaure ta ce, "Jibo na?" Kullum Arzika ya amsa cewa shi ne ba Jibo ba, kullum ya ga yadda fuskarta ke sauka. Abin ya ci shi ƙwarai.

Shi ya sa ya kai keken wurin Dogo mai gyara a Tsafe, ya ce a cire giyar nan, a bar shi da gudu ɗaya irin na da. Dogo ya kifa shi, ya duba inda tayar baya ke zama, ya girgiza kai.

"Wanga bai dace ba, Malam. Wanda ramin tayarshi ya yi tsawo a kwance ake nema, a ja taya baya sarƙa ta ɗaure. Wanga ƙasa ya kalla, kuma goran ruwa na ba ƙarhe ba, in ya tsage ko walda bai kamawa. Zaɓi guda cikin tsohhin na ƙarhe."

Gaskiya Dogo ya faɗa, sai dai Arzika taurin kai gare shi. Ba zai iya rabuwa da keken wansa ba, ba kuma zai iya ci gaba da jin muryarsa ba. Dogo ya yanke mariƙin giyar, ya yi ta cin ramin da magagari har sarƙa ta zauna, wurin ya rage siriri kamar farce.

Marigayin ya dawo gida shiru. Daga ranar Inna ba ta ƙara fitowa zaure ba, tuwo ma sai da lallashi. A nan Arzika ya gane abin da ke tayar da ita daga shimfiɗa ne ya cire da hannunsa. Ya koma Tsafe a guje, Dogo ya ce abin da aka yanke ba ya komawa. Jinyar mako bakwai ce, tsaga ta fara kamar gashi a inda magagari ya ci, ta yi ta ci har keken ya karye.

Ya rasu ya bar taya biyu, da famfo, da ƙararrawar da ba ta taɓa ƙara ba. Ya kuma bar Arzika, wanda ke dawowa a ƙafa da la'asar yana jin ƙarat-ƙarat a bayansa, kusa sosai. Ya daina waiwayawa, don tsoro yake ji.

Ba za a sayar wa 'yan gwangwan ba. Za a binne gangar jikin a bayan rumbu ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a karɓi gaisuwa kwana uku. Da aka shigo da shi gida a karye biyu, Inna ta daɗe tana shafa ƙarfen da hannunta, sannan ta ce a fito da tabarmi. Wanda Allah ya ba iko ya zo, ya yi addu'a ya tashi. Don Allah kada kowa ya tambaye ta gaisuwar wa take karɓa.